Shigar da zanen CAD na tashar Jos cikin manhajar tsara ƙaramin layin dogo

Buƙatar da aka zo mini da ita guda ɗaya ce a baki: a ɗauki zanen AutoCAD, wato manhajar CAD da ake zanen gine-gine da ita a kwamfuta, a zuba shi cikin manhajar da ake tsara ƙaramin layin dogo na kan tebur da ita. Da aka buɗe filashin sai ga zane biyu, kuma abin da ya dace da ɗaya shi ne ke ɓata ɗayan. Na farko zanen ɗakin da za a kafa teburin ne, wanda mai zanen gidan ya yi tun kafin a sa harsashi. Na biyu zanen safiyo ne na wani yanki na tashar jirgin ƙasa ta Jos, mai tsawon mita 620, wanda wasu ɗalibai suka auna a matsayin aikin fili.

Mai aikin dattijo ne da ke zaune a Rikkos, tsohon malamin aikin katako da zanen fasaha wanda ya yi ritaya. Mahaifinsa ya yi aikin reluwe, shi ma a bakin dogo ya tashi. Ɗansa da ke waje ya aiko masa da kan jirgi biyu da taragai na ma'aunin HO, wato 1:87, masu gudu a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Ɗan ƙanwarsa, wanda yana cikin ɗaliban da suka yi safiyon, shi ke taɓa masa kwamfuta. Ni kuwa zanen gine-gine nake yi da AutoCAD a wani ofishi a cikin gari, shi ya sa aka neme ni da abu ya cije.

Baba ba tashar yau yake so ba. Ta zamanin lodin kuza yake so, kuma yana da hujjarsa. Ƙaramin layin nan da ya taso daga Zariya, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, milimita 762, ya iso Jos a 1914. A 1927 layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso da faɗin ƙafa uku da rabi, milimita 1,067. Ƙaramin bai rufe ba sai 1957. Ke nan shekara talatin dogo iri biyu na haɗuwa a garin. Wannan haɗuwar yake son gani a kan teburinsa, kuma za a ga yadda ta shafi lissafi nan gaba.

Allon da ya fito fari fat

Kafin in shigo, yaron ya riga ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya sauke manhajoji huɗu da aka fi sani a wannan harka: AnyRail, SCARM, XTrackCAD da Templot. Ya gane da wuri cewa fayil ɗin DWG, wanda shi ne asalin tsarin AutoCAD, ba abin da zai jefa musu kai tsaye ba ne, sai ya mayar da shi DXF. Nan ya yi daidai. Tun 1982 kamfanin Autodesk ya fito da DXF domin wasu manhajoji su iya karanta zanensa, kuma Templot tana karɓarsa a matsayin zanen da ke shimfiɗe a baya. Ya shigar, manhaja ba ta yi ƙorafi ba, amma allo fari fat.

Zanen ya shiga. Inda ya faɗa ne ba a nan kusa ba. Masu safiyo ba sa fara zane daga 0,0 kamar mu masu zanen gida. Suna ajiye kowane ɗigo a kan lambobinsa na taswirar duniya. Jos tana shiyya ta 32 a tsarin UTM, don haka lambobin da ke jikin zanen sun kama wajen 488,000 ta gabas da 1,097,000 ta arewa, a mita. Manhajar kuwa ta karanta su a matsayin milimita. Sakamakon: tashar mita 620 ta koma santimita 62, kuma tana zaune fiye da kilomita ɗaya daga tsakiyar takardar da girmanta bai wuce 'yan mitoci ba. Ko kwana mutum zai yi yana jan linzami ba zai ci karo da ita ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: fayil ɗin CAD lambobi kawai yake riƙewa. Layi mai tsawon 620 bai san ko mita ba ne, ko inci, ko milimita. Akwai dai wani wuri a saman fayil ɗin da ake rubuta awon da aka yi niyya. DXF na yau da kullum rubutu ne zalla, ana buɗe shi da Notepad. Na buɗe, na nemi $INSUNITS, layi biyu a ƙasansa aka rubuta 4. Lamba 4 milimita ce, 6 mita, 1 inci, 0 kuma ba a faɗa ba. Wato fayil ɗin na cewa milimita, alhali an zana shi a mita, domin ɗaliban sun fara aikin ne a kan tamfilet ɗin zanen gini ba su sauya ba.

Ban yarda da abin da fayil ya faɗa game da kansa ba, sai abin da awo ya nuna. Na matsa kusa da babban layin, na auna tsakanin ƙarfen dogo biyu da umarnin DIST, ya ba ni 1.13. Faɗin dogon mita 1.067 ne daga ciki zuwa ciki, ɗaliban kuma a tsakiyar kan ƙarfe suka riƙa ɗora sandarsu, shi ya kawo 'yar ƙarin. Babu layin dogo mai faɗin milimita ɗaya da ɗigo, don haka magana ta ƙare: mita ne. Duk wanda aka ba zanen da bai san asalinsa ba, ya nemi abu ɗaya da ya san girmansa a zahiri, ƙofa ko faɗin dogo, ya auna shi kafin ya taɓa komai.

Gyaran zanen safiyo bi da bi ne, kuma jerin yana da muhimmanci. Na fara kwafe fayil ɗin na ajiye na asali a gefe. Na kashe duk wata leya, wato rukunin abubuwa iri ɗaya a cikin zane, da ba ta shafe mu ba: layukan tudu da kwari, turakun lantarki, iyakokin filaye, sunayen ɗigogi, zanen cike-gurbi. Suka rage uku: dogo, gefen dandamalin fasinja, da gine-gine. Sai FLATTEN, saboda kowane ɗigo na ɗauke da tsayinsa daga teku, Jos kuwa tana wajen mita 1,200 a sama. In aka bar wannan lambar, duk ninkin da aka yi wa zanen sai ya ninka ta, awon nisa kuma ya riƙa gauraya gangara a ciki. Daga nan na zaɓi ƙarshen babban layi, inda dogo ya tsaya, na ɗauke zanen duka da MOVE na ɗora wannan ɗigon a 0,0. Na juya shi da ROTATE har babban layin ya kwanta miƙe daga hagu zuwa dama, domin a zanen safiyo arewa ce ke sama, tashar kuma a karkace take. Sai a ƙarshe SCALE: mita zuwa milimita ninki 1,000 ne, a raba da 87, ya ba da 11.494. Tashar ta fito milimita 7,126.

Yaron ya tambaya ko 87 ne ko 87.1, don ya ga duka biyun a intanet. Duka ana amfani da su, Turai sun fi riƙe 87, Amurka 87.1. A kan wannan tsawon bambancin milimita 8 ne. Ba shi ne damuwarmu ba, tunda bangon ɗakin bai kai mita huɗu da rabi ba.

Saura share-share. Alamomin da aka saka a matsayin bulok, wato layukan da aka dunƙule su abu guda, na farfasa su da EXPLODE, don manhajojin da ba na CAD ba sau da yawa ba sa ganin abin da ke cikin bulok. OVERKILL ya kwashe layukan da aka maimaita a kan juna, PURGE ya kwashe tarkacen da ba a gani. Kwanonin dogon da SPLINE aka zana su, nau'in layin da tsofaffin masu karanta DXF ba su sani ba, sai na ajiye fayil ɗin a tsarin R12, na shekarar 1992, wanda ke mayar da irin wannan layi zuwa gajejjerun layuka a jere. Abin lura shi ne R12 ba ya ɗauke da $INSUNITS ɗin nan sam, don haka da bakinka za ka gaya wa manhajar da ke karɓa cewa milimita ne. Wanda ba shi da AutoCAD zai iya yawancin wannan aiki da LibreCAD ko QCAD, ya juya DWG zuwa DXF da ODA File Converter, wanda kyauta ne.

Da aka sake shigarwa, tashar ta bayyana tsaf a allo. Baba ya gyara tabarau ya matso da kujera.

"To, ɗana, ɗora mana jirgi a kai mu gani."

"Baba, ba dogo ba ne tukuna. Zanen dogo ne."

Nan ne mafi yawan masu wannan buƙata ke yin tuntuɓe, kuma laifin kalmar shigarwa ne da ke sa mutum ya zaci aiki ya ƙare. A manhajar tsara layi, kowane yankin dogo abu ne mai rai: ya san kamfanin da ya ƙera shi, lambarsa a kasida, tsawonsa, kusurwarsa, bakinsa biyu ko uku, da wanda yake haɗe da shi. Da wannan ne manhajar ke iya cewa kwanar nan ta yi tsanani, ko bakin nan bai haɗu ba, ko ga jerin abin da za ka saya. Layin da ya fito daga CAD bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi daga nan zuwa can kawai ya sani. Amfaninsa ya zauna a ƙasa a bi ta kansa da dogo na gaske, yanki bayan yanki.

Da wannan ya tabbata, sai zaɓin manhaja ya sauya. Templot ta masu ƙera dogo da hannunsu ce, waɗanda ke yanka ƙarfe su jera katakan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Baba kuwa gamammen dogo na kamfanin Peco na Ingila zai saya. AnyRail na da kundin dogon Peco a ciki, tana karɓar hoto a shimfiɗa a baya, kuma ta fi sauƙin koyo ga wanda bai saba ba. Ta kyauta tana tsayawa a yanki 50, ta SCARM a 100, XTrackCAD ba ta da iyaka amma hannu na daɗewa kafin ya saba da ita. Muka tsaya a AnyRail, muka raba aikin fayil biyu, tasha daban, wurin ajiye jirage daban, don kada mu haye iyakar.

Tunda bi za a yi ta kai, hoto ya wadatar, muddin awonsa bai goce ba. Dabarar ita ce firam. Na zana murabba'i mai tsawon milimita 7,500 da faɗin 1,500 kewaye da tashar, na sa layin awo na mita ɗaya a kwance da wani a tsaye, na fitar da hoton PNG wanda gefensa ya tsaya daidai kan firam ɗin, ba rarar fari ko kaɗan. Faɗinsa fiksel 6,000, wato kowane fiksel milimita 1.25, ya ishe mu. A AnyRail aka ce wa hoton faɗinka 7,500, tsayinka 1,500, aka auna layukan awon biyu suka ba da 1,000 kowanne, aka sa shi a leyarsa shi kaɗai don kada hannu ya ture shi. Auna na tsayen ba ɓata lokaci ba ne: hoto kan miƙe ta gefe ɗaya, ido bai gani ba.

Ɗakin

Zanen ɗakin bai ba da wahalar fayil ba, a milimita yake, kusa da 0,0. Matsalarsa biyu, kuma duk ba na kwamfuta ba ne.

Ta farko a kan yaron take. Ya ga an rubuta 1:100 a ƙasan takarda, ya ga mun raba tashar da 87, sai ya ɗauka shi ma ɗakin sai an yi masa lissafi. Ba a taɓa shi. Wannan 1:100 na takardar da aka buga ne kawai. A cikin fayil ɗin an zana bango da girmansa na gaskiya. Ɗakin kuma ba ƙanƙanta shi za a yi ba, a cikinsa za a tsaya da ƙafa. Manhajar tsara layi da girman zahiri take aiki: dogon da ta ce milimita 914 ne, haka yake a hannu. Tasha ake ragewa ta shiga ɗaki, ɗaki na nan yadda yake.

Ta biyu ita ce zanen ya nuna abin da aka yi niyyar ginawa ne, ba abin da magina suka gina ba. Wannan kowane mai zanen gida a garin nan ya san shi. Takarda ta ce 4,500 da 3,600. Muka ja tef: dogon bango 4,460, domin filasta ta ci nata ta gefe biyu. Gajeren bango 3,555 a wannan ƙarshe, 3,530 a wancan. Muka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, layukan biyu ba su zo ɗaya ba, alamar ɗakin ba murabba'i ba ne cif. Ga ginshiƙi da ya turo ciki santimita 15 a jikin dogon bangon, babu shi a zane. Ƙofar da aka zana tana buɗewa waje, ciki take buɗewa. Baba, da ya shekara talatin da wani abu yana koyar da awo, dariya kawai ya yi ya ce da ma ya san bangon nan ba ya tsaye, tun ranar da ya kafa kanta a jikinsa.

A ra'ayina shigar da zanen ɗaki ta hanyar fayil ɓata lokaci ne, sai fa in ɗakin mai lunguna da yawa ne. Wannan kusurwa takwas gare shi har da na ginshiƙin. Na gyara zanen a AutoCAD bisa awon tef, na karanto lambobin kusurwoyin, muka zana layin bangon a AnyRail muna buga su da hannu. Aka ƙara zagayen da ƙofa ke yi in an buɗe ta, da wurin taga, da soket ɗin wuta. Ya fi hoto daidaito, kuma ba a ɗauki lokacin shan shayi ba.

Mita bakwai a bangon mita huɗu

Da aka ɗora zane biyun a kan juna, tashar ta fasa bango ta fita da fiye da mita biyu da rabi. Ga kuma kwanar da layin ke yi bayan ya bar tasha, wadda a zanen safiyo radiyos ɗinta, wato nisan tsakiyar da'irarta zuwa bakinta, ya kai mita 200. A 1:87 milimita 2,300 ke nan, rabin da'irarta na neman faɗin mita 4.6. Ɗakin ba shi da shi.

Yaron ya kawo shawara mai kama da wayo. "Kawu, a matse tsawon kawai a bar faɗin. A mayar da zanen bulok, a saka shi da rabi ta kwance, cikakke ta tsaye." AutoCAD zai yi hakan ba musu. Amma duk abin da ke ciki sai ya matsu tare: kwana mai zagaye ta koma ƙwai, ginin tasha ya tsuke, mararrabar dogo kuma, wato inda layi ke rabuwa biyu, kusurwarta ta ninka ta zama abin da ba wanda ke ƙerawa. Tela in yadi ya gaza masa, tsawon riga yake ragewa, ba ya tsuke wuya har kai ya kasa shiga. Abin da za a rage a tasha shi ne miƙaƙƙun wurare, inda ba abin da ke faruwa sai dogo na tafiya.

Sai muka juya lissafin, muka fara daga jirgin maimakon daga zanen. Mafi tsawon jirgin da Baba zai tuƙa kai ɗaya ne da taragan fasinja huɗu. Aka jera su a kan tabarma aka auna, kusan mita 1.3. Layin dandamali ke nan ya zama 1,400. Mararrabar Peco matsakaiciya tsawonta milimita 219, radiyos 914, kusurwa digiri 12. Uku a mashigar tasha sun ci 657. Ɗaya a can ƙarshe, da ɗan guntun layi na 300 inda kan jirgi zai wuce ya zagayo ya kama taragansa ta ɗaya gefen. Da rarar da ake bari don tarago a wannan layi kada ya gogi na wancan, jimla ta tashi wajen 3,100. Dogon bango, bayan an cire abin da kwanar kusurwa mai radiyos 610 za ta ci, ya bar mana kusan 3,750. Ya shiga, har da wurin rumbun kaya.

Mararrabar ita ce inda zanen safiyo da dogon kanti suka fi saɓawa. A zanen, layi na rabuwa da ɗan'uwansa a kusurwar da ta kai digiri 7, kusan ɗaya cikin takwas. Ta Peco digiri 12 ce, ta fi ɗaya cikin biyar tsanani. Duk yadda aka juya ta ba za ta kwanta a kan layin hoton ba. Ga mai ɗaki ƙarami wannan alheri ne, don da ita aka samu mashigar ta gajarce. Haka tazarar layuka: a zanen mita 3.8 ce tsakiya zuwa tsakiya, wato milimita 44 a tebur, dogon Peco kuwa kusan 50 yake bayarwa in aka haɗa mararraba biyu. Layuka biyar na zanen muka mayar huɗu, saboda faɗin tebur da kuma abin da hannu zai iya kaiwa. Mutum a tsaye ba ya miƙa hannu ya gyara taragon da ya sauka daga dogo in ya wuce santimita 70 da wani abu, Baba kuma ba yaro ba ne.

Wani abin da ya rikita yaron da farko shi ne dogon manhaja ya fi na hoton faɗi, yana rufe layukan biyu gaba ɗaya. Dalili a fili yake. Milimita 1,067 in aka raba da 87 ya ba da 12.3. Dogon 16.5 na HO kwaikwayon faɗin 1,435 ne, irin na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ba irin tsohon layin Jos ba. Don haka na koma CAD na fitar da layin tsakiya na kowane dogo da OFFSET, na goge ƙarafan biyu, na sake fitar da hoton. Manhajar ma da layin tsakiya take lissafi.

Nan maganar dogo iri biyu ta dawo. Wanda ke son gaskiyar awo a 1:87 sai ya nemi dogon milimita 12, wanda Peco, Tillig da Bemo ke yi, ya wakilci layin Kafanchan. Ƙaramin layin Zariya kuma, 762 a raba da 87, ya ba da 8.8, dogon milimita 9 ya dace da shi. Tara da sha biyu a gefen juna su ne hoton 1927 zuwa 1957 na sosai. Akwai wata hanyar, ta masu wannan sha'awa a ƙasar Niyu Zilan, waɗanda layinsu ma 1,067 ne: su riƙe dogon 16.5 su ɗaga ma'auni zuwa 1:64. Japanawa kuma 1:80 suke yi a kan 16.5 ɗin. Kowace hanya na nufin Baba ya ajiye jiragen da ke hannunsa ya sayi wasu da kuɗin waje, ko ya ƙara girman gine-gine a ɗakin da da ma ya yi kaɗan. Ni da na so 12, don ido na ganin bambancin: tara kusa da sha shida da rabi sai ƙaramin layin ya yi kamar bai kai yadda yake ba. Baba ya ce jiragen da ɗansa ya aiko su za su yi gudu a ɗakin nan, ba wasu ba. Aka tsaya a 16.5, da layi ɗaya na milimita 9 a bayan rumbun kaya, inda za a riƙa nuna sauke kaya daga ƙaramin tarago zuwa babba.

Hoton safiyon, a ƙarshe, yanka shi muka yi gida uku: mashiga, tsakiyar dandamali, da ƙarshen layi. Aka jawo na farko da na uku kusa da juna, aka zubar da mafi yawan na tsakiya. Abin da muka ɗauka daga gare shi shi ne wane layi ke fita daga wane, wane gini ke fuskantar wane, rumbu na wane gefen dandamali. Ko milimita ɗaya ta dogon da aka shimfiɗa ba ta zauna daidai kan layin ɗaliban ba, amma wani tsohon abokin Baba da ya yi aiki a tashar, da aka nuna masa allon ba tare da an ce masa komai ba, ya sa yatsa ya fara kiran sunan kowane layi.

Daga allo zuwa katako

Filawud na zuwa ne ƙafa takwas da huɗu, milimita 2,440 da 1,220. In aka tsaga shi biyu ta tsawo ya ba da faɗin kusan 610, shi ya sa muka tsayar da faɗin teburin a nan tun farko. A wurin ginshiƙin sai an yanke santimita 15 ta baya, kuma saboda an riga an zana shi, layin milimita 9 ya ƙare kafin ya kai can. Dogon bango na buƙatar allo biyu. Da aka bar mahaɗarsu a 2,440 daga kusurwa, da ta faɗa ƙarƙashin mararraba ta uku. Aka gusa ta zuwa tsakiyar layin dandamali inda dogo ke miƙe. Wannan ba kwalliya ba ce: katako a Jos yana shan danshi da damina ya bushe ƙarau da hunturu, mahaɗa na motsi, harsunan mararraba kuwa ɗan motsi kaɗan ke hana su rufuwa.

Lambobin wuraren mararraba biyar ɗin, huɗu na tasha da ɗaya ta rumbu, na karanto su daga AnyRail na buga su cikin zanen firam ɗin tebur a AutoCAD, don kafinta ya kauce musu da katakan gicciye. Ƙarƙashin kowace ana son fili na injin da zai riƙa juya ta.

Tsarin layin an buga shi da girmansa na zahiri a wani shagon buga zanen gine-gine a cikin gari. Bugun farko, layin awo na mita ɗaya ya fito santimita 97, don mai injin ya bar zaɓin da ke matse zane ya cika takarda. Aka sake a ɗari bisa ɗari, tef ya nuna mita cif. Aka manna takardun a kan filawud, aka ɗora mararrabar ƙarfe a kan hotonta, ta zauna baki da baki. Baba ya bi layin tsakiya da ƙusa yana huda takardar kowane santimita biyar, aka ɗage ta, aka haɗa ɗigogin da fensir.

Layuka huɗu na 16.5 an shimfiɗa su, jirgi na shiga ya zagaya ya fita zuwa wurin ajiya a gajeren bango. Dogon milimita 9 bai iso ba tukuna, an bar masa gurbinsa. Gine-ginen su ne kaɗai abin da zai fito daga zanen safiyo ba tare da an taɓa awonsa ba: na ware ginin tasha da rumbun kaya a fayil daban a 1:87, Baba zai yanka bangonsu da kwali mai kauri, tsayin kuma zai ɗauko shi ta ƙirga layukan bulo a tsofaffin hotunan da ke wurinsa.